Horon Ƙafa a Ƙasar Katsina Laka

Duk wanda ya taso daga Zariya ya nufi Gusau, ko kuwa ya baro birnin Katsina ya biyo ta Malumfashi da Bakori har ya iso Funtuwa, in dai yana daga cikin masu duban ƙasa ba masu gyangyaɗi a mota ba, ba zai rasa lura da cewa wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai albarkar dawa da masara da auduga, wadda magabata suka laƙaba wa suna Katsina Laka saboda nauyin turɓayarta, Ubangiji bai bar ta a miƙe sumul ba, sai da Ya kakkafa mata duwatsu nan da can, waɗansu sulɓaɓɓu masu doro, waɗansu tarin falalai masu ramuka da lunguna. Ita kanta ƙasar a kan tudu take, gama Funtuwa ta ɗara gaɓar teku da kusan mita 700, kuma daga kewayenta ne Gulbin Sakkwato ya faro kafin ya miƙa arewa maso yamma. Dutsen Funtuwa yana nan a tsaye a kan garin, har ma akwai unguwar da ake kira Dutsen Reme, in kuwa mutum ya ci gaba ya wuce Tsafe, Kwatarkwashi zai tare masa ido tun daga nesa.

A zamanin nan, a ƙasashen da hawan manyan duwatsu ya zama abin sha'awa da gasa, mutumin da ya ɗaura niyyar hawan Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, wanda tsawonsa ya kai mita 5,895, yakan share wata biyu ko uku yana horar da jikinsa a fili, yana saɓa jaka mai nauyi yana hawa tudu yana gangarowa, yana ƙara nisa da nauyi kaɗan-kaɗan kowane mako. Bakatsine in ya ji wannan labari, galibi dariya zai yi, ya ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Amma da zai waiwayi tarihin kakanninsa da idon basira, da ya ga cewa kusan dukkan ƙa'idojin da waɗancan mutane suke karantawa a littattafai, fatake da alhazan ƙasa sun san su sarai, illa dai su ba su ware musu lokaci na daban ba, domin horon a cikin aikin yau da gobe yake a cakuɗe, har mai yinsa bai san yana yi ba.

Asalin abin daga zama kusa da dutse ne. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya yi dogon bayani a kan tsofaffin garuruwan kudu irin su Maska da Gozaki da 'Yandoto da Kwatarkwashi, kuma sananne ne cewa mutanen da, musamman kafin Musulunci ya zauna da gindinsa a karkara, sun riƙi dutse a matsayin mafaka ranar yaƙi, kuma mazaunin iskoki a wurin masu bautarsu. Ko bayan jihadi, a cikin ƙarni na 19 lokacin da mahara daga Maraɗi suke kai farmaki kudu, ƙauyen da ke da dutse a bayansa ya fi wanda ke fili kwanciyar hankali. Wanda ya tashi a irin wannan wuri kuwa, tun yana yaro yake bin awaki a kan falali, yarinya kuma tun ba ta isa aure ba take hawa da tulu a ka, ta koyi ajiye tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse maimakon takawa a kan yatsu, ta koyi bin gefe-gefe inda hawan ya yi tsaye. A Kwatarkwashi har biki ake yi a da, wanda samari suke hawa dutsen su kamo maiki da hannu, kuma babu mai hankalin da zai ce saurayin da ya iya wannan a ranar bikin ya fara taka dutse.

Sai kuma gona, wadda ita ce babbar makarantar jiki a wannan yanki. Laka ba yashi ba ce, kuma wanda ya yi huɗa da garma a baƙar ƙasar Bakori ko Kafur bayan ruwa ya sauka, daga hantsi har azahar yana sunkuye yana ɗaga ƙasa mai danƙo yana kifewa, ya san cewa cinya da gadon baya da numfashi duka suna biyan zakkarsu. Ranar gayya, in makaɗa suka tsaya a bakin kunya suna zuga samari, a nan ake gane wanda ya iya rabon ƙarfinsa da wanda ya zubar da shi tun da safe, gama mai garaje shi ne ke gaba da hantsi, shi ne kuma ke kwance a gindin ɗorawa kafin la'asar. Da kaka ta yi sai ɗaukar dammunan dawa daga gona zuwa rumbu, da rani kuma ga farauta, ga dambe da kokawa a dandali, ga tafiya cin kasuwa daga wannan gari zuwa wancan a ƙasa. Mutumin da shekararsa take juyawa a kan haka, ranar da madugu ya buga gangar tashi ba ya bukatar wani shiri sai na guzuri da sallama da iyali.

Fataucin Gwanja shi ne babbar jarrabawa. Ayarin goro yakan tashi bayan kaka, ya ratsa Zamfara, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ya shiga ƙasar Bargu, ya bi ta Niki da Jugu, ya haye tuddan Atakora, kana ya gangara zuwa Yandi da Salaga a ƙasar Gana ta yau, kuma zuwa da dawowa kan ci wata shida har zuwa shekara. Bature Clapperton ya gamu da irin wannan ayari na Hausawa a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Tafiyar da taro irin wannan, wanda ya haɗa da tsoho da mace da jaki da takarkari, ba ta yiwuwa sai da nizami, kuma nizamin nasu abin a tsaya a duba ne. Jagaba yana gaba, madugu yana riƙe da ragamar shawara, uban dawaki yana taimaka masa. Ana tashi tun da asuba domin a ci nisa kafin rana ta take, a sauka zango kafin ta yi zafi ainun, a bar dabbobi su yi kiwo, mutane su duba ƙafafunsu. Ba saurin wanda ya fi kowa ƙarfi ake bi ba, saurin da mafi rauni zai iya jurewa gobe da jibi da gata shi ne ma'auni, domin madugun da ya karya ayarinsa a makon farko ba shi da wanda zai ɗaukar masa goro a dawowa.

Ɗan alaro, wato mai ɗaukar kaya a ka don lada, shi ne gwanin wannan fanni, kuma ya cancanci a dube shi da kyau. Yakan naɗe gammo ya daidaita shi a tsakar ka, ya ɗaure kayansa a tsawo a kan sanduna yadda nauyin gaba da na baya za su yi daidai, ya riƙe doguwar sanda a hannu, ya riƙa tafiya da gajeren taku mai sauri, gwiwa a ɗan lanƙwashe, wuya a tsaye, ba ya waiwaye sai dai ya juya da jikinsa duka. In ya iso loko ba ya sauke kayan ƙasa, gama ya san ɗagowa daga ƙasa ya fi tafiyar mil guda cin ƙarfi. Sai ya saƙala ƙarshen kayan a reshen itace, ya tokare ɗaya ƙarshen da sandarsa, ya zame kansa daga ƙarƙashi, ya kurɓi ruwa daga gora kaɗan, ba ya cika ciki, ya ɗan miƙe wuya, kafin gumi ya bushe a jikinsa ya sake shiga ƙarƙashin kayan ya wuce. Da dare kuma a zango ya wanke ƙafa, ya cire ƙaya, ya shafe faso da man kaɗanya. Lokacin da Turawa suka zo suka riƙa ɗaukar 'yan alaro don rangadi, abin da suka tsayar shi ne kaya na wajen laba 60, wato kimanin kilo 27, da tafiyar wajen mil 15 a yini. A Kilimanjaro a yau doka ta hana a ɗora wa ɗan dako kayan baƙo fiye da kilo 20, wannan kuwa ya isa ya nuna matsayin mutanen namu a wannan sana'a, ko da yake tilas a faɗi gaskiya, da yawa daga masu ɗaukar kayan ayari a zamanin da bayi ne, ba don sha'awa suka ƙware ba.

Tafiyar gabas kuwa, wato hajjin ƙasa, ta fi ta Gwanja nisa da hatsari, kuma a kanta ne fuƙaha'u suka yi magana a kan ƙarfin jiki ƙarara. Sharaɗin wajabcin hajji shi ne istiɗa'a, wato iko, amma malamai sun saɓa a kan ma'anarta. A wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya guzuri da abin hawa su ne asasi. Mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasarmu, ta tafi a kan cewa iko shi ne yiwuwar isa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, tare da aminci a kan rai da dukiya, ko da a ƙasa ne, har ma wanda ba shi da guzuri, matuƙar yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya kuma yana iya tafiya, hajji ya hau kansa. Haka almajiri yake tarar da mas'alar a Risala da Muhtasar. A ganina wannan hukunci ya yi tasiri a zukatan talakawan ƙasar Hausa fiye da yadda marubuta tarihi suka kula, domin ya mayar da lafiyayyar ƙafa ta zama dukiya a ma'aunin shari'a, ya sa manomin da bai mallaki ko jaki ba ya ga cewa shi ma kiran ya shafe shi.

Hanyar kuwa sananna ce: Kano, Barno, Fallomi wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe a ƙasar Wadai, sannan Darfur ta gefen Dutsen Marra mai tsawon fiye da mita 3,000, sannan El Obeid da Hartum, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, nisan da ya haura kilomita 3,000 kafin a ga jirgin ruwan Jidda. Malamai sun bi hanyoyin gabas tun da daɗewa, kamar Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi, wanda bayan ya sauke farali ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'a masu yawa suka bi ɗansa Mai Wurno suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da har yanzu yake ɗauke da sunansa. Da aka buɗe noman auduga na Jazira a 1925, takari, wato irin waɗannan matafiya, suka zama ginshiƙin ma'aikatansa, kuma ba abin mamaki ba ne in mutumin da ya iya auduga tun daga gida ya samu abin yi a can. Irin wannan tafiya shekaru take ci, ana tafe ana tsayawa a yi noma ko ɗinki ko wanzanci ko karantarwa, a tara guzuri a ƙara gaba, don haka ita kanta hanyar ce take gina mai binta bisa tadriji, wanda ya isa Makka kuwa ya isa da jikin da sa'ayi da hawan Arfa ba za su ba shi tsoro ba. Waɗanda ba su isa ba, kaburburansu suna nan barjat daga Wadai har Kurdufan, Allah Ya jiƙansu.

Su kansu ayyukan hajji na mai ƙarfi ne. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, kewaye bakwai ya haura kilomita 3, tare da sassarfa ga maza a tsakanin korayen alamu, kuma daga Makka zuwa Arfa wajen kilomita 20 ne. Sassarfar da ake yi a kewaye uku na farkon ɗawafi ma, asalinta daga Umrar ramuwa ne a shekara ta 7 bayan Hijira, sa'ad da Ƙuraishawa suka ce zazzaɓin Madina ya raunana Musulmi, sai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci sahabbai su nuna musu ƙarfinsu. Hawan Jabalun Nur zuwa kogon Hira ba ya cikin manasik, malamai sun sha faɗakarwa a kan haka, amma alhazanmu ba su fasa ba, kuma dutse ne mai tsawon wajen mita 640 wanda hawansa kan ci sa'a guda ko biyu gwargwadon ƙarfin mutum.

Abin da ya raba mutanen wannan yanki da tsohon horonsu bai zo a rana ɗaya ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan 'yan kasuwa irin su Alhasan Ɗantata suka koma kawo goro ta teku zuwa Ikko sannan ta dogo, ayarin Gwanja ya mutu a tsaye. A ƙarshen shekarun 1920 aka ja reshen dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, Funtuwa da take ƙaramin ƙauye ta zama babban gari har ta shafe Maska wadda a da ita ce uwa. Duk da haka manomi ya daɗe yana kai audugarsa fuloti a ka ko a jaki. Ta wajen hajji kuma, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi ta jirgin ruwa a 1921, ya biya ta Ingila, a 1948 Alhaji Mahmudu Ɗantata da abokansa suka kafa kamfanin jigilar alhazai da motoci, cikin shekarun 1950 kuma jirgin sama ya fara ɗiba daga Kano. Tafiyar da take cin shekaru ta koma ta 'yan sa'o'i. Ni'ima ce babba, babu mai musu, sai dai alhaji ya zama yana sauka Jidda da jikin da ya baro gida da shi, alhali galibi sai mutum ya manyanta yake tara kuɗin kujera, bayan babur da mota sun yi shekara ashirin suna ɗaukarsa daga ƙofar gida zuwa ƙofar shago. Shanun huɗa da tarakta da maganin feshi sun rage wahalar gona, rashin tsaro kuma ya rufe dazuzzukan yamma ta wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda a da mafarauta suke kwana suna yawo. A hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutane fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba inuwa. A wurin bitar maniyyata ana koyar da farillai da wajibai da abin da ke jawo fidiya dalla-dalla, kuma da a ce ana ba tattaki rabin wannan kulawa, a ce wa maniyyaci ya fara tafiyar ƙasa wata uku kafin tashi, cikin takalmin da zai sa a Mina ba sabo ba, da an rage masu zama a kan keken turawa.

Wanda ya tashi yin wannan shiri a yau, ko don hajji ko don wani dutse mai nisa, abin da masana hawan dutse za su gaya masa bai yi nisa da na ɗan alaro ba. Zai fara da fili kafin tudu, ya fara hannu wofi kafin ya saɓa jaka, ya ware rana guda a mako don doguwar tafiya, daga baya ya riƙa haɗa kwana biyu a jere domin jiki ya koyi tashi da gajiyar jiya. Zai kuma gane da kansa, ranar farko da ya gangaro daga kan falali da sanyin hunturu, cewa saukowa ta fi hawa cin gwiwa, gama a hawa numfashi ne ke kuka, a sauka kuwa cinya ce take karkarwa tana tare nauyin jiki a kowane taku, kuma ciwonta sai bayan kwana biyu yake bayyana sosai. Hatta ayarin Ingilishi da ya kai Edmund Hillary da Tenzing Norgay ƙololuwar Everest ranar 29 ga Mayu 1953, a ƙasa ya taso daga kwarin Katmandu da 'yan dako fiye da 300, zango bayan zango fiye da mako biyu, ƙarƙashin madugunsu John Hunt.

Abu guda ne dutsen Funtuwa da gonar laka ba za su iya koya wa kowa ba, shi ne ƙarancin iska. Daga wajen mita 2,500 zuwa sama jiki yakan fara jin raguwar abin da yake shaƙa, a wajen mita 5,500 kuwa nauyin iska rabin na bakin teku ne, sanyi kuma yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000. Alamun cutar su ne ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, in ta yi tsanani ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma ba ta duba ƙarfin damtse, bal ma saurayi mai ji da kansa ya fi faɗa mata, saboda yana hawa da saurin da jininsa bai riga ya saba ba. Ƙa'idar likitoci ita ce, bayan mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a riƙa hutawa yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu, wanda ciwon ya tsananta masa kuma a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. A duk faɗin Nijeriya babu inda mutum zai gwada jikinsa da wannan, domin dutse mafi tsawo a ƙasar, Chappal Waddi na Jihar Taraba a kan iyakar Kamaru, mita 2,419 ne, na Shere a Jos kuwa 1,829. Mafi kusa da ya wuce haddin mita 2,500 sosai shi ne Dutsen Kamaru da ke bisa garin Buya, mai mita 4,040, wanda baƙi sukan hau a kwana biyu ko uku, 'yan ƙasar kuwa tun 1973 suke tseren hawa da sauka a kansa cikin yini guda.